Sunan da ke Bayan Faranti

A shekarun da na yi ina aikin duba kaya a Guangzhou ta ƙasar Sin, ranaku da yawa sun wuce ba su bar mini ko labari ba. Amma akwai guda da har gobe ba ta fita daga raina: ranar da na tsaya a bayan wani ɗan shago a garin Delft na ƙasar Holan, ina kallon wani dattijo yana zana tsuntsu a kan faranti, har na manta aiko ni aka yi. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu kun sha jin ana tsokanata da Habibu na Holan. To ga asalin sunan daga bakina, kafin masu ƙara gishiri su gama ɓata shi.

A lokacin ina ƙarƙashin Alhaji Sabi'u ne, mutumin Kano, mai ofis a wani bene kusa da kasuwar Canaan a unguwar Sanyuanli. Shi ne maigida, shi ke yanke abin da za a saya. Ƙasa da shi akwai manaja mai kula da takardun kwantena da jigila, sai ni, mai duba kaya. Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take. Ɗan kasuwa zai kawo samfur, wato guda ɗaya na abin da yake so, ko riga ko takalmi ko kofi, a kai wa masana'anta a ce a yi irinsa da yawa. Idan sun gama, kafin a rufe kwali a loda a kwantena, ni zan je in buɗe, in jera, in gwada da samfurin. Ƙa'idar guda ce tak: kowanne ya zama daidai da ɗan'uwansa. Wanda ya bambanta ko da ɗigo ne sunansa rijek, a ware shi gefe. Idona ya saba da wannan har abin ya zame mini ciwo. Ko gidan abinci na shiga, kafin a kawo shinkafa na riga na gano cokulan ba tsawonsu ɗaya ba.

A shekarar 2008, da wasannin Olamfik suka matso, sai aka tsaurara maganar biza. Da can mutum yakan tsallaka Hong Kong ya sabunta ya dawo, sai aka wayi gari ana cewa kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Layukan Canaan da ba ka iya wucewa sai da kafaɗa suka yi fili. Mutanen Maraɗi da muke cin abinci tare ranar Juma'a suka ragu, na Kano ma haka. Masu shaguna suna zaune suna kallon shirye-shiryen wasannin a talabijin, in ka tambayi kaya su ɗaga hannu su ce meyo, wato babu, ba tare da sun juyo ba. Ni ma tawa bizar ta kusa ƙarewa, dole in je gida.

Ana saura kwana kaɗan in tafi Alhaji ya kira ni ɗakinsa ya ce in rufe ƙofa.

"Habibu, idan ka gama da biza kada ka dawo ta Dubai. Ka biyo jirgin Amsterdam. Akwai aiken da zan yi maka."

Ashe a zuwansa Kano na ƙarshe ya ga wani faranti a cikin durowar gilashi a gidan wani abokinsa, fari mai zanen shuɗi, matan gidan suna ta nuna wa baƙi suna cewa ɗan Holan ne. Kun dai san matanmu da kalmar Holan, atamfa ta riga ta gama mana talla tun kafin a haife mu. Alhaji ya lissafa cewa duk wanda ya fara shigo da irin wannan tangaran a matsayin kayan jeren amare, shi zai ci kasuwar bayan sallah. Har ya yi magana da Mista Lin, mai masana'antar tangaran da muke hulɗa da shi, cewa ya ajiye masa tanderu guda. Samfur kawai ya rage, kuma ba ya son na hannun kowa, na asali yake so daga garin da ake yin sa. Wani abokin cinikinsa a can ya aiko da takardar da zan nemi izinin shiga da ita.

"Faranti shida, iri ɗaya, masu kyau," in ji shi. "Idonka na saya, shi ya sa ban aiki manaja ba. Amma ka ji ni da kyau. In ka kwaso mini shirme, ka san da takardar waye kake zaune a ƙasar nan."

Na sani kuwa. Takardar gayyatar da nake sabunta biza da ita ta ofishinsa ce. Ranar da ya janye hannunsa, ranar zamana a Sin ya ƙare, ga iyali a unguwar Kurna a Kano, ga tsohuwata, duk a kan wannan aikin suke. Na ce, "In sha Allahu ba za a samu matsala ba, Alhaji."

Na sauka a Holan cikin watan Agusta, na hau jirgin ƙasa zuwa Delft. Abin da ya fara kama ni shi ne shiru. Mutumin da ya saba da titin Guangyuan, inda masu tura kaya ke ihu a bayanka kana tsalle kana kauce wa buhuna, sai ga shi a garin da ƙarar ƙararrawar keke ce babbar hayaniya. Ruwa ya ratsa tsakiyar unguwanni, gidaje sirara na jan bulo sun jeru a bakinsa, tsofaffi suna tuƙa keke da furanni a kwando. Akwai wata tsohuwar coci da hasumiyarta ta karkace kamar za ta faɗo, na daɗe ina kallonta ina jiran wani ya damu, babu wanda ya ko ɗaga kai. Rana kuwa ta ƙi faɗuwa. Na yi ta duba agogo ina jiran magariba har na fara zargin agogon.

Washegari na shiga kasuwa. A nan ne na ga yadda mutanen nan ke sayar da abin garinsu. Shagon cuku daban, an jera shi dunƙule-dunƙule har rufi, kowanne da sunan ƙauyen da aka yi shi da tsawon lokacin da ya yi a ajiye. Wani yana gasa wata siririyar waina yana tsaga ta biyu yana shafa mata zaƙi mai danƙo a tsakiya, ya miƙo maka da zafinta. Wata tana sayar da fitilu da kujerun da ta ce mijinta ne ya tsara su, guda uku kacal ta ajiye a shago mai faɗin da a Canaan za a raba wa mutum biyar. Babu mai kiranka, babu mai jan rigarka. A shagon cuku na ciro kalkuleta yadda muka saba, na danna rabin kuɗin na juya wa matar. Ta duba, ta duba ni, ta tambaya cikin ladabi ko rabin cukun nake so. Na mayar da kalkuletata aljihu, ban sake fito da ita ba har na bar ƙasar.

Shagon tangaran na farko da na shiga ƙarami ne, a wani lungu a bakin ruwa. Mai shi wata dattijuwa ce mai gajeren farin gashi, ta ce sunanta Riet. Na nuna mata faranti mai tsuntsu a kan reshe da furanni kewaye, na ce shida nake so. Ta ɗauko ta jera mini a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ban yi minti ɗaya ba na gama da su. Wannan wutsiyar tsuntsunsa ta fi tsawo. Wancan shuɗinsa ya fi duhu. Na uku ganye biyar ne a reshen, na huɗu shida. Na tambaye ta ko tana da masu kyau a ciki, waɗanda suke iri ɗaya.

Ta ce, "Babu biyu iri ɗaya a shagon nan."

Na yi mata godiya na fita, ina cewa a raina ashe Turawa ma suna sayar da rijek, kuma da tsadar tsiya.

A babban dandalin garin na samu abin da nake nema. Shago ne na masu yawon buɗe ido, farantai jere reras, kowanne kamar an tsaga shi daga ɗan'uwansa, ga sauƙi. Raina ya yi fari. Na zaɓi shida, na ce da mai shagon tafiya mai nisa zan yi, ya taimaka mini da kwali mai ƙarfi. Ya shiga ciki ya fito da kwalin da suka zo a ciki. Tun kafin ya ajiye na gane shi. Salatif ɗin nan mai ruwan ɗorawa, igiyar roba da aka ɗaure ta giciye, rubutun Sinanci a gefe, har warin danshin sito, duk na san su kamar yadda na san ƙofar gidanmu. Irin kwalin da nake buɗewa kullum ne. Na tambaye shi, bai ko ɓoye ba, ya ce waɗannan bugun inji ne, daga waje ake kawo su, masu son na hannu su je wurin masu yi. Na bar masa farantansa na fita, na zauna a kan wani benci a dandalin. Saura ƙiris in ɗauko tangaran ɗin Sin daga Holan in kai wa Mista Lin a matsayin samfur, wataƙila ma a layinsu aka gasa shi. Da Alhaji ya kore ni a ranar, da Canaan ta shekara tana dariya.

Na koma lungun nan da kunyata. Riet ba ta nuna ta gane kunyar ba. Ta ce in biyo ta, ta ɗaga wani labule muka shiga baya.

Ɗaki ne mai babbar taga. Wani dattijo mai tabarau yana zaune, ta ce sunansa Pita, tun yana saurayi yake wannan aiki. A gabansa akwai faranti fari fat, busasshe kamar alli, wanda aka gasa sau ɗaya ba a shafa masa komai ba. Ya ɗora wata takarda mai ƙananan huji, ya buga mata ƙunshin garin gawayi, ya ɗaga. Ɗigo-ɗigo ne kawai suka fito, da kyar ake ganinsu. Sai ya ɗauki buroshi mai 'yan gashi dogaye a baki, ya tsoma a fenti. Fentin baƙi ne wuluk. Na ce wa Riet ai ni mai shuɗi nake so. Ta ce in dai tsaya.

Wallahi ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Riet ta yi mini bayani a hankali cewa farantin yana shanye fenti nan take, babu gogewa, babu gyara, layin da ka ja ya jawu. Amma dattijon nan ko numfashinsa bai canza ba. Ja ɗaya, bayan tsuntsu ya fito. Ya juya farantin da yatsun hagu, ja biyu, ga fiffike. Ya ƙara ruwa a fentin ya yi inuwar ciki, ya koma mai kauri ya ɗiga ido, sai tsuntsun ya dube ni. Ina tsaye da jakata a kafaɗa, ban san lokacin da na sauke ta ba. Ni da aikina shi ne neman kuskure, na nema na rasa abin da zan kira kuskure, domin babu wani samfur a gabansa da yake bi. Abin yana fitowa ne daga hannunsa.

Bayan haka Riet ta ɗauki wani da aka gama zanawa ta tsoma shi a cikin wani farin ruwa mai kauri. Da ta ɗago shi, zanen ya ɓace gaba ɗaya, faranti ya koma fari kamar ba a taɓa shi ba. Na ji zafin abin har cikin raina, na ce mata ta ɓata aikin bawan Allah. Pita ya yi dariya ba tare da ya ɗago ba. Ta ce in dawo da safe, za su buɗe tanderu.

Na dawo. Da aka buɗe murfin, ɗumi ya bugo mu, ta sa safar hannu ta fara fito da na jiya da shekaranjiya. Farin ruwan nan ya narke ya zama gilashi, baƙin fentin ya koma shuɗi mai zurfi, shuɗin da ban san sunansa ba, tsuntsaye suna sheƙi a ƙarƙashinsa kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Na yi tasbihi a fili. Mutum ya zana abu da baƙi, ya rufe shi da fari har ya daina ganinsa, ya miƙa wa wuta, ya tafi gida ya kwanta bai san me zai tarar ba. Pita ya ce har yanzu duk ranar buɗe tanderu ba ya iya karyawa sai ya gani.

Muna shan shayi Riet ta tambaye ni inda nake aiki. Da na ce Guangzhou sai ta ajiye kofinta ta ce, "Kanton?" Ashe sunan da Turawa suka san garin da shi ke nan. Ta ce ai daga can abin ya faro. Ɗaruruwan shekaru da suka wuce jiragen ruwan Holan suna kawo tangaran fari da shuɗi daga Sin, masu kuɗi suna rububinsa, sai maginan tukwanen Delft suka zauna suka kwaikwaya da yumɓun da suke da shi. Ta ce daga baya har gidan ciniki mutanensu suka yi a Kanton, a bakin kogi, cikin wasu gidaje goma sha uku na baƙin 'yan kasuwa. Na ce mata Shisanhang ke nan, wato gidaje goma sha uku da yaren Sin, can nake zuwa sayen rigunan yara masu araha. Muka dubi juna. Na taka wannan layin ya fi a ƙirga ina rigima a kan farashin singileti, ban taɓa sanin abin da ƙasar wurin ta gani ba.

Ita ce ta kawo tambayar da nake gudu. Me mutumin Kanton zai yi da faranti shida? Na ga ba zan iya yi wa mutanen nan ƙarya ba bayan abin da suka nuna mini. Na faɗa mata gaskiya, cewa samfur ne, maigidana zai sa a buga irinsu da inji a kai Kano. Ta juya ta yi wa Pita magana da yarensu. Ya cire tabarau ya goge. Sannan ya ɗauki faranti guda ya nuna tsuntsun ya ce da Turancinsa mai nauyi, "Wannan ba nawa ba ne. Daga can ya zo, ka mayar da shi ya ga gida." Sai ya kifa farantin. A bayansa akwai alamar shagon, ƙarƙashinta haruffa biyu da aka ja da buroshi. Ya ɗora yatsa a kansu.

"Wannan kuwa ni ne. Duk wanda ya ga wannan ya san na zauna a kujerar nan na yi shi. Kada ku sa shi a kan abin da ban taɓa ba."

Ya miƙo hannu. Na kama na ce na yi alkawari, na biya kuɗin shidan nan aka naɗe mini. Ban yi tunanin Alhaji ba a lokacin, sai da jirgi ya tashi tunaninsa ya zo mini, ya kuma zauna tare da ni har Guangzhou.

Na iso ana gab da fara azumi. Alhaji ya kira Mista Lin ofis don a buɗe kayan a gabansa. Na kwance su na jera a kan tebur. Alhaji ya duba na farko, ya duba na biyu, fuskarsa ta canza.

"Habibu, mene ne wannan? Kai da ko maɓalli ba ya wuce ka, ka tafi har Turai ka kwaso mini rijek shida?"

Na fara bayani, bai saurara ba. Mista Lin ne ya cece ni a wannan gaɓar. Ya ɗauki guda da hannu biyu, ya kai shi wajen taga, ya karkata shi ga haske, ya daɗe yana kallo. Ya ce aikin hannu ne na gaske, kuma mai shi gwani ne. Ya ce wa Alhaji, "Lawban, ka zaɓi guda ɗaya, zan buga maka irinsa ko nawa kake so." Lawban shi ne maigida a bakinsu. Sai ya kifa farantin ya nuna haruffan ya ce baya ma babu matsala, zai fito da shi daidai.

Alhaji ya ce, "Ai bayan shi ne kasuwar. Shi mata za su juya su gani."

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ban da bayan. Sunan mutum ne. Na yi masa alkawari ba za a sa ba."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. "Ka yi wa wa alkawari?"

"Wanda ya zana, ranka ya daɗe."

"A kan kayana? Ni na aike ka ko shi? Tambari nawa muka buga a ofishin nan kana tsaye, ba ka taɓa buɗe baki ba, sai yau za ka zama malami?"

Gaskiya ya faɗa. Na ce dai, "Waɗancan ban san masu su ba, Alhaji. Wannan na ga hannunsa, na kuma riƙe shi. In za a sa, sai dai wani ya duba kayan, ba ni ba."

Mista Lin ya ga abin ya koma Hausa zalla, ya sulale ya ce a kira shi idan an zaɓa. Alhaji bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Shi ke nan. Je ka huta. Manaja zai nema maka tikitin Kano."

Azumi ya kama ina ɗaki ina haɗa kaya. Na kasa kiran gida in faɗa. Abokai suka yi ta zuwa suna cewa in je in ba da haƙuri, wai Baturen da ba zai taɓa sani ba ne zan rasa abincina a kansa. Wani ma ya ce ai alkawarin da aka yi a wata ƙasa ba ya tsallako ruwa. Na yi dariya kawai. Ba zan ce muku ban yi nadama ba, na yi, musamman idan na tuna tsohuwata. Sai dai duk lokacin da na yi niyyar tashi in je, sai in ga yatsan dattijon nan a kan haruffansa, in koma in zauna.

Ranar da na sa ran karɓar tikiti manaja ya kira ya ce Alhaji yana nemana bayan la'asar. Na same shi zaune a kan darduma, ya cire hula, farantan nan shida jere a gabansa a ƙasa. Bai amsa gaisuwata sosai ba, ya nuna mini wuri na zauna.

"Tun ranar nake son in zaɓi guda in aika wa Lin," in ji shi. "Na kasa. In na ɗauki wannan sai wancan ya fi shi." Ya nuna na gefe. "Dubi nan, hannunsa ya ɗan yi rawa a reshen, sai ya mayar da shi ganye. Dattijo ne ko?"

Na ce, "Zai yi sa'an iyayenmu."

Can ya ce mahaifinsa ɗinkin hula yake yi, da allura, kuma a kasuwa ana gane hannunsa tun daga nesa. Wata rana wani dillali ya sayar da hular wani yana cewa aikin tsohon ne, mai saye ya kawo ta har gida yana ƙorafin zare ya warware. Ya ce ranar tsohon bai ci tuwon dare ba, kuma bai taɓa ganinsa cikin baƙin ciki irin na ranar ba, ko da aka yi musu sata.

"Na ɗauka tambarin kamfani ne," ya ce. "Na kamfani na sha bugawa, Allah Ya yafe mana. Amma in ce mutum ya yi abin da bai yi ba, da sunansa, cikin watan nan?" Ya girgiza kai, ya tura mini na tsakiya. "Kai wa Lin wannan. Ka ce a bar bayan fili."

Na ɗauki farantin na miƙe. Har na kai ƙofa ya kira ni.

"A'a. Kada a bar shi fili, kaya ba suna kamar na sata ne. A sa nawa."

Haka aka yi. A bayan kowane faranti aka buga Sabi'u, Kano. Ba zan ɓoye muku ba, kasuwar ba ta yi zafin da ya lissafa ba. Mata suna juyawa su tambaya ko ɗan Holan ne, yaran shago su ce zanen Holan ne, aikin Sin, kayan Alhaji. Wasu su saya, wasu su ajiye. Wani ɗan kasuwa ya zo daga baya ya buga nasa da alamun ƙarya ya fi mu ciniki a wannan shekarar, Alhaji kuma bai fasa tuna mini da hakan ba duk lokacin da na nemi ƙarin albashi.

Amma ga abin da na gani ranar duba kayan. Alhaji bai taɓa taka ƙafarsa zuwa sito ba, wannan aikina ne, shi nasa waya. Ranar sai ga shi ya biyo ni, da azumi a bakinsa, cikin zafin nan mai danƙo. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna kusa da ni yana buɗe kwali. Yana ɗaukar faranti ya duba gaba, ya kifa ya duba sunansa, ya sake juyawa. Waɗanda ni da kaina na wuce da su, shi ya ware. Na ce masa wannan ai ɗigo ne da ba wanda zai gani. Ya ce, "Wadda za ta saya ta san gidanmu."

Abin da wannan tafiya ta koya mini game da sana'armu ke nan, ƙannena. Mun iya kwaikwayon komai, kuma ba abin kunya ba ne, waɗanda muke kwaikwaya ma da haka suka fara. Amma muddin sunan wani ne a jikin kaya, ɗan kasuwa lissafi kawai yake yi. Ranar da nasa ya hau, sai ka ga wani mutum daban. Mun kai magariba a siton nan, muka sha ruwa da dabino a kan kwali, Alhaji ya goge hannunsa ya jawo na gaba.